Ɗigon hitar banɗaki: Wanda ake gyarawa da wanda ba a toshewa

A wannan makon ba maganar ƙwaya ko allura na zo da ita ba. Maganar wani ƙaramin bokiti ce da ya shafe kusan wata huɗu a banɗakin gidana, a ƙarƙashin hitar dumama ruwan wanka, yana tarar ɗigo.

Da farko ma tsumma ne. Kullum da safe sai in ga ɗan jiƙo a kan tayil daidai ƙasan hitar, in ce ai ruwan wankan yara ne ya fantsama. Da abin ya ƙi ƙarewa na ajiye bokiti, duk bayan kwana biyu ko uku a zubar. Maigidana ya ce zai kira mai gyaran famfo ranar Asabar, Asabar ɗin ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Duk mazaunin Legas ya san yadda ranaku ke tafiya tsakanin cunkoson hanya da wurin aiki. Ni da nake yi wa mutane faɗa kullum a kantin magani cewa su daina raina ƙaramar alamar ciwo, sai ga shi na zauna da tawa a gida ina kallo.

Abin da ya farkar da ni shi ne ranar da 'yata mai shekara bakwai ta fito daga wanka tana yarfa hannu, ta ce, "Umma, famfon nan yana ɗan cizon mutum."

Gabana ya faɗi, don na san abin da wannan cizon yake nufi. Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙiyar fata ƙarfin tarewarta na iya raguwa har sau ɗari, kuma wanda ke wanka ba takalmi a ƙafarsa, yana tsaye cikin ruwa. Wutar da ba ta kai ta ƙone fis ba ta isa ta rikita bugun zuciya. Nan take na kashe makunnin hitar, na je akwatin wutar gida na sauke layinta, na hana kowa shiga banɗakin.

Washegari mai gyaran wuta da mai gyaran famfo suka zo tare. Ashe ɗigon daga notin tiyon ruwan zafi yake fitowa. Wani ya faɗa bokitina, wani kuma ya bi jikin tiyon ya gangara bango, bangon yana shanyewa. A cikin wannan bangon, tazarar taƙi ɗaya kacal, aka haɗa wayar hitar da ta gida aka naɗe da baƙin tef. Wayar da masu aikin wuta ke kira atin kuwa, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda aikinta shi ne kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa maimakon jikin mutum, tana nan a lanƙwashe, tun farko ba a ɗaura ta da komai ba. Mai gyaran famfon ya ciro wani ɗan zoben roba da ya ƙandare ya tsage, ya ɗora a tafin hannunsa ya ce, "Hajiya, duk wannan abin, ga mai laifin nan." Kuɗin sabonsa bai kai na katin waya ba.

Bari in yi lissafi irin namu na masu haɗa magani. A ma'auninmu ɗigo 20 na ruwa shi ne mililita ɗaya. Idan bututu yana sakin ɗigo ɗaya duk sakan goma, a yini da dare ya saki ɗigo 8,640, wato kusan rabin lita, a wata kuma wajen lita 13. Ɗigon famfo ma ya fi na ma'auninmu girma. Ba asarar ruwan ce damuwata ba. Damuwar ita ce inda waɗannan litocin suke shiga idan ba a bokiti suka ƙare ba.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Kafin a taɓa sifana, a fara gano bakin yoyon, domin ruwa maƙaryaci ne: inda yake ɗiga sau da yawa ba nan yake fitowa ba, bin jikin ƙarfe yake yi har ya samu wurin faɗuwa. A kashe wutar hitar, a goge duk jikinta da bututanta su bushe ƙarau, sannan a naɗa 'yar takardar tishu a kowace mahaɗa daban. A dawo bayan rabin awa da tocila. Tishun da ya fi kowanne zama sama a cikin waɗanda suka jiƙe, nan ne matsalar take.

Yawancin hitocin da ake kafawa a bangon banɗakunanmu, masu cin lita 15 ko 30 ko 50, bututu biyu ne a ƙasansu. Mai shuɗin zobe shi ne mashigar ruwan sanyi, mai jan zobe kuma mafitar ruwan zafi. A kan na sanyin akwai wani ɗan bawul na tagulla mai ƙaramin baki a gefe, wani lokaci da ɗan hannu da ake ɗagawa. Ku riƙe wannan bawul ɗin a rai, zan dawo kansa. Tsakanin bututan biyu ko kusa da su akwai murfin roba, a bayansa ƙarfen da ke dumama ruwa yake, wato elemen, tare da na'urar daidaita zafi da bakin wayoyi.

Wani lokacin ma ba yoyo ba ne. A garuruwa masu laima irin su Legas da Fatakwal, bututun ruwan sanyi kan yi gumi bayan an yi wanka da ruwan zafi, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an fito da ita daga firji. Gumi yakan rufe tsawon bututun gaba ɗaya kuma ya bushe idan an buɗe taga. Yoyo kuwa wuri ɗaya yake, kuma yakan bar shaida: farin ɓawo kamar gishiri, ko kore-kore a kan tagulla, ko jan tsatsa.

Idan a notin tiyo ne, kamar nawa, to wannan shi ne mai sauƙin. Maigida ko uwargidan da ta iya riƙe sifana za su iya, in dai an bi tsari. A kashe makunnin hitar, a kuma sauke layinta daga akwatin wutar gida. Kada a ce ai an ɗauke wuta, ba wanda ke yi muku sallama kafin a dawo da ita. A bar ruwan ya huce, ko a buɗe famfon zafi ya yi ta zuba har hannu ya ji ya koma sanyi. Sai a rufe bawul ɗin da ke kawo wa hitar ruwa, in babu a rufe na tankin sama, a buɗe famfon zafi don ƙarfin da ke ciki ya sauka.

A fara gwada ɗaure notin kaɗan, kwata ɗin zagaye, ba fiye ba. A yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe bakin da ke jikin hitar don kada ya juya, ɗaya ta juya notin. Wanda ya ɗaure da sifana ɗaya yana iya murɗe bakin bututun ya haifar da sabon yoyo a inda babu. Dumama da hucewa na kullum kan sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, noti ya ɗan saki, don haka wani lokacin wannan kwatan zagayen ya wadatar. Idan bai tsaya ba, kada a ƙara ƙarfi. Ba notin ne ke tare ruwan ba, ɗan zoben da ke cikinsa ne, wanda masu gyara ke kira wosha, kuma yawan matsawa murƙushe shi yake yi.

A sa bokiti a ƙasa, a kwance notin. A ɓangaren zafi ruwa kaɗan ne zai fito, saboda bututun zafin daga can saman tankin yake ɗiba ta ciki. A ɓangaren sanyi ma, in dai tiyon kawai aka kwance aka bar bawul ɗin tagullar a wurinsa, zai riƙe ruwan tankin. Amma wanda ya kwance bawul ɗin kansa, duk abin da ke cikin tankin zai iya zubo masa. A ciro tsohuwar woshar a tafi da ita kasuwa a sayo irinta, yawanci ta rabin inci ce, a kuma faɗa wa mai shago ta ruwan zafi ake so. A kankare datti da tsatsar bakin bututun, a sa sabuwar, a ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara kwata ɗin zagaye da sifana. Idan rigar ƙarfen tiyon ta yi tsatsa, ko ta fara fitar da ƙananan wayoyi, ko tiyon ya karye a lanƙwasa, a canza shi gaba ɗaya. Irin wannan tiyon ba ya ci gaba da ɗigo har abada, wata rana fashewa yake yi, kuma ba ya zaɓar lokacin da akwai mutane a gida.

Sai maganar farin tef ɗin nan da masu gyaran famfo ba sa rabuwa da shi. Yana da wurinsa, wato inda haƙoran bututu ke shiga haƙoran wani bututun ba tare da wosha ba, kamar inda bawul ɗin tagulla ke hawa jikin hitar. A nan ana naɗa shi a kan haƙoran ta inda hannun agogo ke bi idan ana kallon bakin bututun, don kada ya warware wajen ɗaurewa. Amma a notin da ke da wosha tef ba ya tare komai, yana ma iya hana notin zama daidai. Haka a mahaɗar bututun jan ƙarfe mai ɗan zoben tagulla a ciki: zoben ne ke matse bututun, in ya lalace shi ake canzawa. Naɗa tef ko roba ko gam a bayan noti kuwa, rufe ciwo ne da filasta alhali yana ruruwa ta ciki. Wani abin dubawa kuma shi ne irin bututun da aka ja ruwan zafin da shi. Bututun roba na PVC da ake jan ruwan sanyi ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 na ma'aunin Salshiyos ba, yakan yi laushi mahaɗarsa ta saki. Idan shi aka sa muku a mafitar zafi, sauya wosha ba zai raba ku da yoyo ba, sai an canza shi da wanda aka yi don ruwan zafi, kamar koren nan na PPR.

Bayan an gama, a buɗe ruwan sanyi a hankali, famfon zafi yana buɗe, har iska ta gama fita ruwa ya riƙa zuba ba tari. Sai bayan nan za a mayar da wuta. Elemen ɗin da aka kunna babu ruwa a kansa yana ƙonewa cikin ɗan lokaci. A sake naɗa tishu, a duba bayan ruwan ya yi zafi, domin akwai mahaɗar da ba ta yoyo sai ta ɗumama.

Ɗigon da ke kare rai

Da na ba maƙwabciyata labarin abin da ya faru, sai ta ce, "Ai Maman Yara, ni tawa ma ta yi ta ɗigo, amma an gyara mini tun bara." Ta ja ni banɗakinta ta nuna mini gyaran. Wani ne ya cusa kusa a ɗan bakin bawul ɗin tagullar nan, ya bi da gam ya liƙe. Ɗigo ya tsaya, an biya shi, kowa ya yi farin ciki.

Wannan gyaran ya fi yoyon haɗari nesa ba kusa ba. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, kusan kashi 2 cikin 100 tsakanin sanyin famfo da zafin hita. A tanki mai lita 50 ƙarin ya kusa lita ɗaya, ga tankin a rufe, bawul ɗin kuma ba ya barin ruwa ya koma baya. Wannan ɗan bakin shi ne ƙofar da aka bar wa ƙarin ya fita idan matsin cikin tankin ya kai iyakar da aka rubuta a jikin bawul ɗin. Saboda haka ɗigo daga nan a lokacin da hitar ke dumama ruwa ba lalacewa ba ce, aikinsa yake yi. Babbar ranarsa kuma ita ce ranar da na'urar daidaita zafi ta mutu, elemen ya ci gaba da dafa ruwa ba tsayawa. In ƙofar tana toshe, tankin na iya tsagewa ko ya fashe, da tafasasshen ruwa da tururi, a ɗakin da ake yi wa jarirai wanka.

Abin da ake yi shi ne a sa ɗan siririn tiyo a bakin, a gangara da shi zuwa magudanar banɗaki, bakinsa a buɗe inda ido zai gani. Idan bawul ɗin yana da hannu, a riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci ruwa ya ɗan fita a mayar, don kada ɓawon ruwa ya ƙame shi. Amma idan yana zuba dare da rana ko hitar tana kashe, to ko dai ya lalace, ko datti ya maƙale a ciki, ko kuma injin ƙara ƙarfin ruwan gidan ya yi masa yawa. Gidan da tankin sama kawai yake da shi ba ya samun matsi mai yawa, tsayin mita 10 ne ke ba da abin da masu aikin ke kira ba ɗaya. A sayo sabon bawul mai lamba daidai da ta tsohon. Maƙwabciyata a ranar ta kashe tata hitar har aka canza.

Akwai kuma ɗigon da ba na mai gida ba ne ko kaɗan. Idan ruwa yana fitowa daga cikin murfin robar nan, ko dai robar da ke zagaye da gindin elemen ce ta gaji, ko wani abin da ya fi haka, kuma ruwan a kan wayoyi yake sauka. A sauke wuta, a rufe ruwa, a kira mai gyara. Idan kuwa daga jikin tankin yake tsattsafowa da jan tsatsa, tankin ya huje, ba walda ba gam, sai sabo. A cikin tankin akwai wata sandar magniziyam da aka sa don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tankin. Tana ƙarewa, kuma a unguwannin bakin teku inda ruwan rijiyar burtsatse ke da gishiri-gishiri ta fi saurin ƙarewa. Yawancinmu ba mu ma san da ita ba, balle mu sa a duba ta duk shekara ɗaya ko biyu. Ku tuna kuma lita 50 ta ruwa kilo 50 ce, ban da nauyin tankin, duk suna rataye a kan ƙusoshi a bangon da danshi ke ci.

Wasu kan rage zafin hitar zuwa ɗumi-ɗumi don ɗigon ya ragu. Ban ba da wannan shawarar ba. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Lijiyonela, wadda aka gano bayan ta kama mahalarta taron tsofaffin sojojin Amurka a wani otal a Filadelfiya a 1976. Tana yaɗuwa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 zuwa 45, ana shaƙarta a feshin shawa, ta haddasa ciwon huhu mai tsanani, musamman ga tsofaffi da masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki. Shi ya sa ake so ruwan tanki ya kai digiri 60. Sai dai ruwa mai wannan zafin yana ƙona fatar babba cikin sakan biyar, ta yaro kuma tun kafin haka. Don haka a fara tara na sanyi a bokiti sannan a sirka, a gwada da gwiwar hannu, kuma kada a bar yaro shi kaɗai da famfon zafi. In tsautsayi ya faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai ko manja. Nakan ga ƙunar da aka shafa wa waɗannan abubuwan, wanke su kaɗai azaba ce ga yaro.

Wanda wuta ta ja kuma, kada a taɓa shi sai an sauke wutar, ko a raba shi da ita da busasshen katako. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji, wani ya kira 112. Madarar da ake ɗura wa mutum ba ta fitar da wuta daga jiki, tana ma iya sarƙe wanda bai gama farfaɗowa ba. Wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, da mai juna biyu, a kai su asibiti ko sun ce sun warware. A akwatin wutar gidana yanzu an sa na'urar da ake kira RCD, mai yanke wuta nan take da zarar miliamfiya 30 ta ɓalle ta inda bai kamata ba. Tana da ɗan maɓallin gwaji, ina danna shi lokaci-lokaci in tabbatar tana sauke wutar.

Ga masu zaman haya, a ɗauki hoton yoyon da na bangon a tura wa mai gidan ko wakilinsa a rubuce tun ranar farko. A gidan bene ruwanku silin ɗin na ƙasa yake ci, rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin gyaran.

Ni abin da ya fi daɗewa a gidana shi ne bangon. Ta ɗaya gefen ɗakin yara ne, da muka ja durowar kayansu sai ga baƙar fumfuna ta yi shimfiɗa kamar faɗin faranti. Sai a lokacin na tuna yadda ƙaramin ya yi ta tarin dare da toshewar hanci a waɗannan watannin, ina ɗora wa sanyin damina. Ba zan rantse fumfunar ce kaɗai ta jawo ba, amma tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari da shessheƙar ƙirji da tashin asma. Mun fitar da yaran daga ɗakin, na sa safar hannu da takunkumi, na buɗe tagogi, na wanke wurin da sabulu sannan na bi da bilic da aka sirka da ruwa. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai, iska mai guba suke fitarwa. Mai fenti ya so ya shafe wurin a ranar, na ce a'a, fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓarewa yake yi fumfunar ta dawo. Sai da muka yi mako uku da fanka tana kaɗa bangon kafin ya bushe aka shafa, sannan yaran suka koma ɗakinsu.